Legas zuwa Accra da rikoda a aljihu

Abinda ya kai ni hanyar Legas zuwa Accra ba fatauci bane ba kuma ziyara ba, sauti naje kwasowa. Sautin gari kawai, hon ɗin mota, ihun kwandasta, janareta, kiran sallah, takun mutane a kan gada, duk irin abubuwan da kunne ke ji ya wuce bai kula ba. Kayan aikin ma basu da wani yawa, ƙaramar rikoda ce da bata fi tafin hannu ba, sai hedifon, sai batura da memori, sai wasu 'yan makirfo guda biyu da ake cusawa a kunne irin yadda ake sa iyafis. Su waɗannan na kunnen sune gwanaye, saboda daga daidai inda kunnen mutum yake suke ɗaukar sauti, duk wanda ya saurara daga baya da hedifon zai ji babur ya taho ta hagunsa ya wuce ta bayan ƙeyarsa, wani har sai ya waiwaya. Kuma ba mai kallonka sau biyu, kowa ya ɗauka waƙa kake ji.

Abin ba sabo bane, kar wani yace ga mahaukaci ya ƙirƙiro sana'a. Tun farkon shekarun 1970 wani masanin kiɗa ɗan Kanada, R. Murray Schafer, shi da mutanensa na jami'ar Simon Fraser suka riƙa bin birnin Vancouver lungu lungu suna naɗar ƙararsa. Shi ya kasa sautin gari gida uku, akwai na ƙasa wanda kullum yana nan har kunne ya gaji ya daina jinsa, akwai wanda ake yi musamman don a ji a kauce irin hon da jiniya, sannan akwai wanda gari ɗaya ne ke dashi, kana ji ka san inda kake. A nan kusa kuma ga Emeka Ogboh, haifaffen Enugu, mutumin da ya shafe shekaru yana naɗar Legas yana kai ƙarar danfo, wato motocin haya na garin, da kwandastoci biranen Turai yana sakewa ta lasifika, har aikinsa ya shiga babban baje kolin fasaha na Venice a 2015. Nasa na fara ji, daga nan tunanin ya shige ni, to in an bi hanya ɗaya an tsallaka ƙasa huɗu, a ina ne sautin yake canzawa? A boda ko a wani wurin daban?

Hanyar gaba ɗayanta bata kai kilomita 500 ba amma boda uku ce a kanta, kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi, harshen gwamnati kuma daga Turanci a koma Faransanci a sake dawowa Turanci.

Oshodi da ke Legas na fara zuwa, na hau gadar masu ƙafa da sassafe. Wallahi Legas bata san rikoda ba, duk yadda ka rage ƙarfin makirfo sai wani direba ya danna hon a ƙarƙashinka layin da ke nuna ƙarfin sauti ya buga ja sautin ya fashe, dole ka rage sosai ka haƙura da ƙananan abubuwa. Amma a ƙarƙashin duk wannan hayaniyar akwai abu guda da baya tafiya ko ina, janareta. Na shiga lungun da ko keke baya shiga, na tsaya bayan masallaci, na hau bene, da na sa hedifon sai inji guuuu ɗin nan a ƙasa, wani babba mai dizal daga nesa wasu ƙanana masu fetur a kusa kowanne da muryarsa. Mutanen wurin sun daina jinsa tuntuni, na tambayi wani mai shago ko ƙarar bata damunsa yace wace ƙara?

Kwandastan danfo kuwa mawaƙi ne da ba a biyansa kuɗin waƙa. Na tsaya kusa da wani yaro da ke kiran Mile 2, ƙafa ɗaya a cikin mota ɗaya a waje, baya faɗin sunan kamar yadda ake rubuta shi, sai ya tauna shi ya gutsura ya jera sau huɗu a numfashi ɗaya, ya ja iska ta baki da ƙarfi har makirfo ya kama, ya sake. Muryar ta dushe tun da safen nan amma ya san inda zai ɗora ta a saman hanci yadda zata ratsa ƙarar injin. Tsakaninsa da direba kuma ba magana, tafin hannu ne a jikin ƙarfen mota, bam bam mota ta tashi, bam ta tsaya. Abinda na lura baya da yawa a wurin shine ƙarar acaɓa, tun da gwamnatin jihar ta hana su a manyan ƙananan hukumomi a 2022 wannan siririyar muryar ta ragu a tsakiyar gari, sai ga wata sabuwa ta shigo, jirgin ƙasa mai lantarki da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023, yana wucewa da wani shuuu mai tsafta da bai yi kama da komai na wurin ba. Ita ma gwamnatin ta san garin da ƙara, a 2016 ma ta rufe coci coci da masallatai da dama saboda lasifika, amma dai Legas ce, kamar ba a yi ba.

Daga Mile 2 muka kama hanyar Badagry. Wannan hanyar tana da kiɗanta, musamman in an wuce Badagry an doshi boda inda shingaye suke jere, injin ya tashi ya ɗan yi gudu, ya lafa, kaji ana jan katako a kan kwalta ƙiiii, gilashi ya sauka, gaisuwa, gilashi ya hau, injin ya sake tashi, ba a jima ba a maimaita. Na so ƙwarai in kama wannan amma duk shingen da muka dosa kashe rikoda nake in cire na kunnen in sa a aljihu. Shawara ce kyauta, kar wanda ya gwada naɗar jami'ai a bakin aiki a ɓoye, in an kama ka ba wanda zai tsaya jin labarin fasaha.

Haka a Seme, ginin boda ɗaya ne yanzu da Najeriya da Benin suke aiki tare, tun 2018 aka buɗe shi, ɗan ƙasar ECOWAS kuma ba ruwansa da biza tun yarjejeniyar 1979, fasfo ne da katin allurar shawara. Wanda ya duba jakata ya zaro hular nan mai gashi da ake sa wa makirfo saboda iska, ya riƙe ta da yatsu biyu yana juyawa yace wannan wace dabba ce? Nace yallaɓai hular makirfo ce, in iska na kaɗawa ita ke tare ta. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa suka yi dariya ya maida min. Wurin cike yake da sauti mai daɗi, hatimi na sauka a kan fasfo, ana kiran suna, fanka na juyi, tireloli na huci a waje, duk na ji da kunnena ban ɗauki ko sakan ɗaya ba.

Da muka fito ɗaya gefen na kunna ina jiran inji duniya ta canza. Babu. Yarbanci da Egun ɗin da na baro a Badagry su ne dai a nan, matan da ke talla muryarsu iri ɗaya, hon iri ɗaya, sai jefi jefi kaji an sako Faransanci wurin lissafin kuɗi. In da zan haɗa minti biyar na kafin boda da minti biyar na bayanta in ba mutum ba zai nuna min inda aka ɗinke ba.

Sai da muka shiga Kwatano sosai sannan kunne ya san an zo wata ƙasa, kuma babura ne suka gaya masa. Zemidjan, ko zem a taƙaice, masu riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, su ne jinin garin. Na samu wata mahaɗa mai danja na tsaya na daɗe, in ja ta kama sai su taru a gaba rututu kowa injinsa na ƙasa ƙasa yana ɗan murza hannu, ana sakin kore sai su tashi gaba ɗaya kamar an taɓo gidan zuma, ƙarar ta cika kai ta wuce ta dama tana sirancewa, sai wurin ya ɗan sarara har kaji takalmin mai tafiya, sai wasu su fara taruwa. Legas ƙararta bata numfashi, ita Kwatano tana yi, danja ce ke ja mata numfashin. Hon ɗinsu ma daban, gajere ne, pit pit, tambaya ce yake maka ko zaka je, ba zagi bane irin na direban danfo. Kuma a cikinsu yanzu akwai baburan lantarki, su kam makirfo baya jin komai nasu sai taya a kan kwalta da ɗan siririn fito, ɗaya ya kusa goge min gwiwar hannu ban ji zuwansa ba. In waɗannan suka yi yawa nan da wasu shekaru wannan guguwar ta danja zata zama labari, kaga amfanin naɗawa kenan. A inda na tsattsaya kuma guuuu ɗin janareta ya ja baya sosai, har na iya ƙara wa makirfo ƙarfi, sai ga ƙananan abubuwa sun fito, tsintsiya, rediyon wani daga taga, kwalabe na karo a wurin masu sayar da fetur a bakin titi.

Kasuwar Dantokpa tana bakin ruwa, ta wani gefen kana jin injin kwalekwale ta wani gefen 'yan dako na neman hanya, tsakiya kuma muryoyin mata da harshen Fon mai hawa da sauka, ko baka jin ko kalma ɗaya zaka gane inda ciniki ya yi zafi da inda aka shirya. A lokacin gwamnati ta daɗe tana maganar tashin kasuwar zuwa wasu sababbin wurare, shi yasa na ba ta lokaci fiye da yadda na tsara. Ina da ƙa'ida ɗaya a irin wannan wuri, hayaniyar jama'a ta kowa ce, amma in na saurara daga baya naji hirar mutum biyu ta fito fes ana gane abinda suke faɗi to gogewa nake, ba su san da ni ba, ba hakkina bane. In kuma sautin mutum guda nake so to sai na tambaye shi.

A unguwar Zongo na yi irin wannan tambayar. Wani dattijo mai yankan farce ne ya wuce yana kaɗa almakashi, cas cas cacas, tallarsa kenan baya buɗe baki. Na bi shi na yi sallama nace Baba sannu da aiki, don Allah ina so in naɗi ƙarar almakashin nan. Ya kalle ni sama da ƙasa yace ƙarar kawai, ba hotona ba? Nace ƙarar kawai Baba. Yace ikon Allah, yaro kai kuma a nan Allah ya ajiye maka abincinka? Ya yarda, amma da na miƙa makirfo sai ya gyara tsayuwa ya shiga yi min gwaninta, yana sauri yana ƙawata shi, abin ya tashi daga talla ya koma wasa. Ban ce komai ba, na gode masa na zauna ya yanke min farce muna hira, da ya gama ya tashi ya kama hanyarsa ya manta da ni, hannun ya koma yadda ya saba, bugu biyu a hankali ɗaya da sauri daidai da takunsa, ina biye a baya. Wannan na ajiye. Makirfo in mutum ya gan shi sai ya canza, ko mai almakashi ne ko malami.

A garin Wida na ɗan tsaya, na je bakin teku wurin ƙofar tunawa da bayin da aka kwashe wadda aka gina a 1995, iska ce kawai ta cika min memori, na wuce.

A bodar Hillacondji agogo ke komawa baya da awa ɗaya, Benin lokacinta ɗaya da Najeriya, Togo da Gana kuma nasu ɗaya. Waya ta gyara kanta, rikoda bata san an yi ba. Da farko na ɗauka wannan maganar takarda ce kawai ashe har a kunne ana jinta. Rana bata san da boda ba, ladan kuma rana yake bi, ma'aikata su kuma agogo suke bi, to a Kwatano sai wajen bakwai ake kiran magariba lokacin cunkoson tashi daga aiki ya fara sauka, kiran ya samu fili ya bazu, a Lome kuwa shida da 'yan mintuna ake kira, tsakiyar cunkoso, ladan na kokawa da babura. Wannan ne kaɗai wurin da zan ce layin da aka ja a taswira ya taɓa sautin gari kai tsaye, shi ma ta hanyar agogo.

Gaɓar tekun Togo bata kai kilomita 60 ba, kafin ka gyara zama ka iso Lome, kuma Lome teku ce sautinta na ƙasa. Babban titi na bin bakin ruwa, igiyar wurin mai nauyi ce, tana faɗuwa dim kaji ta a ƙirji kafin kunne, ko ka shiga gari layi biyu uku in dare ya yi tana nan a hedifon. A nan hular gashin ta biya kuɗinta. Da safe na tarar da masunta sun yi layi suna jan igiyar taru daga teku, mutum ɗaya na bada waƙa saura na amsawa, a kan amshin ake ja, in waƙar ta tsaya jan ma ya tsaya, na tambaye su da hannu suka ɗaga min kai, wani ma ya matsa min wuri a igiyar wai in kama. Can cikin ruwa jiragen dakon kaya sun yi jerin gwano suna jiran shiga tasha, manya manya amma ko tari basa yi. A tsakiyar gari kuma ƙararrawar babban cocin da Jamusawa suka gina a farkon shekarun 1900 tana bugawa a kan hayaniyar babbar kasuwa, wadda gobara ta ci babban gininta a Janairun 2013 'yan kasuwa suka bazu a titunan kewaye, masu babur na ta jefa maka oleyia oleyia, kiran fasinja kenan. Su ma suna da zem amma basu kai na Kwatano taruwa ba, ko kuma tekun ce ke shanye su.

Boda a Lome cikin gari take, kana tafiya a titin bakin teku sai kaga ƙofa, bayanta Aflao ce, Gana. Na sake kashewa na sake kunnawa, harshen Ewe a nan Ewe a can. Abinda na kama mai kyau a waje nesa da jami'ai shine 'yan canji, yadda suke karkaɗa damin kuɗi da babban yatsa farrr suna kiran sefa sidi naira, da yawansu kuma da Hausa suke lissafi a tsakaninsu.

Hanyar Accra barci na yi rabinta, na farka a gadar Sogakope kan kogin Volta, sai kuma babban titin Tema na kankare da aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, taya na buga gaɓoɓinsa tak tak tak.

Na shigo Accra a lokacin da ban taɓa tunanin gari zai iya yi wa kansa haka ba. Duk shekara wajen watan Mayu zuwa Yuni sarakunan gargajiya na Ga, masu garin, suna hana kiɗa da hayaniya kusan wata guda kafin bikinsu na Homowo, ba ganga, ba lasifika a waje, coci da masallaci da gidan rawa kowa ya maida sautinsa cikin gini. Ba wasa bane, a ƙarshen shekarun 1990 har rikici an yi tsakanin matasan Ga da wasu coci coci a kan haka. Ba wai garin ya yi tsit bane, motoci na nan, kasuwa na ci, amma an ɗauke wannan bargon na lasifika da ke rufe komai, sai na ƙasa suka samu bakin magana. A Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, yaran trotro, motar hayar garin, na kiran Kaneshie da Madina da Lapaz, su ma suna gutsura sunan amma basa ihu irin na Legas, rabin kiran da hannu suke yi, makirfo kuma baya ganin hannu, wannan asara ce da ba yadda zan yi da ita. Ga masu gyaran takalmi na tafe suna buga akwatin katako da sanda, kwas kwas, ga masu askirim a keke da hon ɗin roba, pam pam, wanda na riga na ji a Lome, ga tsss da ake yi in ana kiran mutum. Sai ruwan sama ya sauko, damina ce, na fake a wata rumfar kwano na samu minti kusan ashirin na ruwa a kan kwano da kwata na cika, mutane na dariya suna matsowa.

Da yamma na shiga Nima. Hausar wurin ma abin saurare ce, mace ma ya zo ake ce mata, ga Turanci da Twi sun shiga ciki sun zauna. Na samu wata majalisa ta dattawa a ƙofar wani shago, bayan gaisuwa da tambayar hanya suka ce me ke tafe da ni, na ciro hedifon na ce bari ku ji. Sai abin ya koma gasa, in kunna a ce wane gari ne. Legas ba a yi sakan uku ba aka faɗa, hon ɗin kawai. Kwatano ma haka, wani yace ai ga zem nan. Ta Lome ce ta raba su, wasu suka ce bakin ruwan Jamestown ne na nan Accra, sai da ƙararrawar coci da oleyia suka shigo. Wadda na ɗauka bayan Seme kuwa duk cewa suka yi Najeriya ce.

Akwai wani Alhaji a cikinsu, tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekaru yana bin hanyar nan, ya saurara duka idonsa a rufe, da ya cire hedifon yace to ɗana, aiki ya yi kyau amma ina boda? Nace Alhaji ai ba a naɗa a can. Yace to ai baka yi tafiyar ba, mu da muka bi hanyar nan abinda ya fi zama mana a kunne shine ƙarar hatimi, in ka ji ta ka san yau a gida zaka kwana. Sai ya karɓi wani ɗan littafi ya ɗora a kan benci, ya dunƙule hannu yace kunna, ya buga, tim a kan tawada tim a kan takarda, har da ɗan jinkirin da jami'i ke yi yana kallon fuskarka kafin ya buga na biyun, majalisa ta fashe da dariya. Kuma wallahi ya yi kama, na saurara a hedifon ban iya bambancewa ba.

Yanzu haka gardamar da muke yi kenan da wanda ke taya ni haɗa aikin a kwamfuta. Shi yana ganin a yanke dariyar a saka bugun Alhaji a gurbin bodojin nan uku tunda ba mai ganewa, ai fasaha ce ba rahoto ba. Ni nace in za a saka to a bar dariyar da muryarsa yana cewa kunna, kowa ya san benci ne a Nima. Bamu gama ba, ya dai riga ya yi nasa kwafin ya ajiye.